Kwamfutar Da Ta Sha Man Riɗi

Ko tsufa ya sa na manta sunayen 'ya'yana, ba zan taɓa mantawa da kwamfutar nan ba. Daga Gadarif har Gallabat babu wanda ya taɓa haɗa irinta. (Ban bi gida-gida na tambaya ba, amma na sani.)

Don surukata Hajja Sakina na haɗa ta. Yaƙi ya taso ta daga Madani ta dawo wurinmu, kuma cikin wannan watsewar aka yi bikin jikarta Nafisa a Jidda, yarinyar da ta goya da bayanta. Aka turo bidiyon, irin mai nauyin nan da ake ganin har zaren mayafi. A waya sai ya yi ta sarƙewa, ga idon Hajja ba ya kama ƙaramin abu. Ta ce, "Ni dai in ga fuskarta ko sau ɗaya." Na bugi ƙirji na ce za ta gani a babbar talabijin, kuma ba za ta ji ƙarar inji ko ta kukan sauro ba.

Sati biyu ina zarya wajen masu gyara a kasuwa. Na cire tsohon faifan ajiya mai gurnani, na sa wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa. Na samo katin hoto marar fanka. Akwatin ma na yanka masa takalma da tsohuwar tayar tarakta. Saura fanka guda ta kan ƙwaƙwalwar injin, tana ƙiii kamar amalanken jaki. Man inji babu a gida. Sai idona ya faɗa kan kwalbar man riɗin matata Asha. Mu nan ciwon baya man riɗi, tari man riɗi, jariri man riɗi. Fanka ta fi jariri ne? Na tuttula. (Ashe ɗigo ake sawa. Ni kuwa ba a san ni da rowa ba.)

Tsit. Na kara kunne, numfashina kawai nake ji. Na rufe ta sai Juma'ar da dangi za su taru. Kwana goma mai yana can yana kama ƙura, ni ina gari ina yabon kaina.

Ranar Juma'ar, bayan la'asar falo ya cika. Maƙwabcina Babikir, wanda magana ba ta wuce shi, ya ce, "Bashmuhandis, babban injiniya, sai yaushe za ka kunna?"

Na ce, "Ya zol, mutumina, tun kafin ka cire takalmi take a kunne."

Wallahi ranar kaina ya taɓa kwanon rufi. Hoto ya fito tar, kai ka ce da mu aka je Jidda.

Can sai ƙamshi ya fara tashi. Wata ƙanwar Hajja ta shaƙa ta ce, "Asha, zalabiya kike soya mana ba ki faɗa ba?" Asha ta juyo ta kalle ni. Irin kallon da ke cewa yanzu na gane inda rabin kwalbata ya shiga.

Daidai an buɗe ƙofa za a shigo da amarya, Hajja ta matso bakin kujera, talabijin ta yi baƙi ƙirin.

A hankali Hajja ta ce, "Ina ta tafi?"

Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Na buɗe akwati a gaban kowa. Fanka ta ƙame kamar an liƙe ta da ƙaro, ga kiyashi sun yi layi sun zo walima. Na goge abin da zai gogu, na jira ta huce, sannan na jawo babbar fankar ɗakin baƙi, wadda ke ruri kamar injin girbin dawa, na saita ta a bakin akwatin. Na kunna.

Waƙar biki dai babu wanda ya ji ko baiti guda. Amma fuskar Nafisa ta cika talabijin. Hajja ta miƙe, mayafinta na kaɗawa a iskar fanka, ta ɗora tafin hannu a kan gilashin ta ce, "Ta yi ƙiba. Alhamdulillahi." Sau uku ta sa aka maimaita, injina bai sake tsayawa ba. Wannan kam a rubuta.

Da mutane suka watse na je na durƙusa kusa da ita, ina jiran yabo.

Ta dafa kaina ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Amma gobe in za ka kunna, ka faɗa mini da wuri in kwaɓa ƙullu, kada man ya tafi a banza."