Amalanken da na ƙera a Magazin

Na so in bar wannan a cikina, amma duk Zongo an riga an ji.

Zaman da na yi a Amurka, wasa ɗaya ya shiga raina: ka jefa faifan roba daga nesa ya faɗa kwandon ƙarfe. Kowa da ɗan amalankensa na jan faya-fayai. Da na dawo Kumasi, duk safiyar Asabar kewar abokan wasan nan take taso mini.

Sai na sami Masta Isifu mai walda a Suame Magazin, unguwar makanikai. Na ce ya ƙera mini amalanke, ya sa laima, da kujera, da gurbin kular ruwan sanyi.

Ya ce, "Alhaji, kayan ba su yi yawa ba?"

Na ce, "Masta, ka taɓa zuwa Amurka?"

Da ya gama, na tura amalanken zuwa filin Asokore Mampong, na buɗe laima, ina jin kaina kamar a can. Kafin in ciro faifai, mata sun yi layi da kwanoninsu suna jiran koko.

Ko ɗaya ban jefa ba. Jiya ma bayan asuba liman ya riƙe hannuna, ya ce, "Alhaji, yau ma ba koko?"