Hajiyar da Na Ajiye a Cikin Kwalla

Ba zan taɓa mantawa da Hajiya Safara'u ba, duk da cewa ba a taɓa haihuwarta ba. Ni na ƙirƙiro ta, wata Laraba da hantsi, a ɗakina da ke Ƙofar Sauri a Katsina, da wata tsohuwar wayata mai fasasshen gilashi.

Sana'ata alkaki da dublan. Gwaggo Hassu, ƙanwar babanmu, ita ta koya mini tun ina budurwa, kuma ba yabon kai ba, alkakina in ya sha zuma sai ka ji kunya ka tsaya a guda ɗaya. Da na ga kowa na buɗe shafin kasuwanci a waya, ni ma na buɗe. Kullum in ɗora hoto, in kwanta ina kallon silin ina mafarki ido biyu: ga mata na ta rubuto yabo, ga motoci sun cika lungunmu, ga ni na bar hayaƙin itace na koma suya a kan gas. In na duba wayar kuwa, shiru kake ji. Ba mai cewa uffan.

A wani zauren mata masu sana'a na waya aka ce mana ba a shiga shagon da babu kowa a ciki. In baƙo ya ga hoto babu sharhi ko ɗaya a ƙarƙashinsa, wucewa zai yi. Aka ce mu dinga yin tambaya don a tanka. Na rubuta, "Alkaki ko dublan, wanne kuka fi so?" Kwana biyu ina jira. Amsa ɗaya ta zo, daga wata ƙawata ta makaranta: "Ya yara?"

A ranar na buɗe wa Hajiya Safara'u shafi, na sa mata hoton fure, ta rubuto mini sharhinta na farko: "Baiwar Allah, tun rasuwar kakata ban ci alkaki irin naki ba." Na ajiye tsohuwar waya, na ɗauki sabuwa, na karanta kamar ban san wanda ya rubuta ba. Wallahi sai da na ji daɗi har cikin raina. Na ba ta amsa da ladabi, har da "Allah ya ƙara girma, Hajiya."

Daga nan fa abin ya zarce. In ina tankaɗe alkama ko ina jiran zuma ta yi kauri, sai in tafi gidanta a zuci. Na gina mata gida a GRA (a nan na fara haƙa ramina), mai bishiyar mangwaro biyu da baranda mai sanyi. Na ba ta 'ya'ya mata uku, duk masu hankali, da miji wanda ba ya tambayar me aka yi da cefane. Bayan la'asar takan zauna a barandar, turaren wuta na tashi a hankali, shayi a gefe, alkakina guda biyu a ƙaramin faranti. Ba ta sauri, ba ta ɗaga murya, idonta bai san hayaƙi ba. Ta je Makka sau huɗu. Ni da ko Kano sai in shekara ban je ba, na ga ba laifi in ɗayanmu ta huta.

Kuma dabarar ta ci. Hajiya na tankawa sai wata ta ce, "Da gaske, Hajiya?" wata ta tambayi farashi, wata ta ce a ajiye mata na suna. Shafin da ya yi wata uku kamar kango ya koma tsakar gidan biki. Na sa ta dinga ba da labarin gidanta na GRA da mangwaronta da 'ya'yanta a sharhi. Mata suka saba da ita, suna gaishe ta, suna tambayar 'yan matanta. Tsohuwar wayar kuwa a cikin wata babbar kwalla nake ɓoye ta, can saman kabet, don kada maigidana ya tambaye ni me nake yi da waya biyu.

Sai aiki ya yi mini yawa na mako guda, na manta da ita. Aka fara cigiya: "Ina Hajiya Safara'u ta shiga?" Mai hankali da ya ce ta yi tafiya. Ni sai na sa ta rubuto cewa ciwon ƙafa ne ya kwantar da ita, ba ta iya cin komai sai alkakina da ruwan shayi. Addu'o'i suka dinga zubowa. Wata ta ba da maganin gargajiya, wata ta ce a gwada man zaitun. Na zauna ina karantawa har da ƙwalla a idona (a kan ƙafar matar da ba ta da ƙafa).

Washegari da safe na sa Hajiya ta yi godiya, na mayar da wayar cikin kwalla a gaggauce ban kashe data ba, don mai ya yi zafi a kasko.

Bayan azahar na ji sallama. Gwaggo Hassu ce, tare da wata dattijuwa mai farin gilashi da ta ce sunanta Hajiya Rabi, daga GRA. Za ta aurar da 'yarta, tana neman wadda za ta yi mata alkaki da dublan na gara gaba ɗaya. Aikin da nake mafarki ke nan. In na same shi, na yi sallama da itace, kuma sunana ya shiga gidajen da ban taɓa taka ƙofarsu ba.

Na shimfiɗa darduma, muka gaisa, aka tambayi maigida da yara da gajiya da zafi, aka sake tambaya. Na kawo alkaki. Hajiya Rabi ta gutsura, ta lumshe ido, ta gyaɗa kai. Ni har na fara zaɓen inda zan ajiye tukunyar gas.

"Ai a shafinki na gan ki," in ji ta. "Amma ɗiyata, wannan Hajiya Safara'u, ɗiyar wane gida ce? Shekara talatin ina GRA, ban san ta ba."

"Ba ta cika fita ba, Hajiya," na ce.

"Matar wa ce?"

"Alhaji... ai matafiyi ne."

Gwaggo ta sa baki. "Ke kau, mutum a Katsina a ce ba a san gidansu ba? Su wa ta haɗa dangi da su? 'Yan Ƙofar Guga ne ko daga ƙauye suka zo?"

Na ce ban taɓa tambaya ba.

Hajiya Rabi ta girgiza kai cikin damuwa ta gaskiya. "Abin da ya dame ni, maƙwabciya na kwance ba lafiya, ban je dubiya ba. Mi zan ce ma Allah? Daga nan can zan wuce, na ma sa direba ya sawo lemu da ayaba. Bari in kira ta ta shafin nata, ta yi mani kwatance."

Na buɗe baki in ce ƙila tana barci. Kafin kalmar ta fito ta riga ta danna.

Jama'a, in ba ku taɓa jin waya na kuka a cikin kwallar da babu komai a ciki ba, ku gode wa Allah. Kwallar ta ɗauki ƙara, murfin na rawa, kabet ɗin gaba ɗaya na amsawa. Duk muka ɗaga kai sama.

Hajiya Rabi ta katse kiran. Kwalla ta yi shiru. Ta dubi wayarta, ta dube ni ta saman gilashi, ta sake dannawa a hankali. Kwalla ta sake ɗauka.

"Sauko da ita," in ji Gwaggo.

Na taka kujera, na sauko da kwallar, na ajiye a gabansu. Gwaggo ta buɗe. Ga waya kwance ita kaɗai, fuskar Hajiya Rabi da sunanta na haskawa a fasasshen gilashin. Na so ƙasa ta tsage in shige. Gidan GRA, da mangwaron, da 'yan matan nan uku, duk suka watse a gabana, ya rage daga ni sai ɗankwalina mai warin hayaƙi.

Gwaggo ta leƙa cikin kwallar ta ce, "Sannu, Hajiya. Ya ƙafar? Allah shi ƙara sauƙi."

Hajiya Rabi ta yi dariya har sai da ta cire gilashi tana share ido da gefen mayafi. Ni kuwa kuka nake, ina rantsuwa alkakin dai nawa ne, ba wanda ya soya mini. Da ta nutsu ta ce, "Na sani, ai na ci. Alkakinki bai buƙatar shaidar zur, ɗiyata. Amma kin sa bayin Allah na ta addu'a bisa ƙarya. Aikin gara naki ne, in kin faɗa masu gaskiya da bakinki." Ta sa direba ya shigo da lemu da ayabar, ta ce ba a komawa da kayan dubiya.

Da la'asar na rubuta gaskiya a shafin, na nemi gafara, na ɗora hoton kwallar. Sharhin da na samu a ranar ya fi duk wanda na tara tun da na buɗe shafin. Wasu sun zage ni, kuma na cancanta. Wasu suka yi ta'aziyya. Wata ta tambaya ko an raba gado, tana son mangwaro ɗaya.

Na yi garar, na sayi gas. Amma har yau in zuma na tafasa nakan tuna barandar nan, in ji kewar matar kamar wata 'yar'uwa da ta yi aure nesa. Abin da na koya shi ne, a garin nan ba a ƙirƙiro mutum a zauna lafiya: in ka ba shi suna za a nemi gidansu, in ka ba shi ciwo za a zo dubiya. Sunan kuma bai mutu ba, kaina ya dawo. Ranar bikin ina shiga da kwallayena, Hajiya Rabi ta ɗaga murya a gaban mata ta ce, "Ku ba Hajiya Safara'u kujera, ƙafa gare ta."