Rasuwar Gwaggo, Motar da Ta Ci Fambel Bakwai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, haɗe da haushin da ya ƙi wucewa, Tsohon Hedimasta ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsa, wadda aka fi sani da Gwaggo, bayan shekara ashirin da uku tana hidimar gidansa.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta ɗauki masu naƙuda, ta ɗauki buhuna, ta ɗauki surukan da ba su taɓa cewa an gode ba. Kowace safiya takan gaida unguwa da "ƙiii-ƙiii-ƙiii", Hedimasta yana cewa gyaran murya ne.

Ashe ciwo ne. Cikin shekara guda ta tsinke fambel, igiyar nan ta inji, har shida. Bakaniken farko ya ce jabu aka sa mata. Na biyu ya ce na farko jaki ne, ya ɗaure sabo tamau. Na uku, wanda ake kira Injiniya ba don ya karanta ba, ya kasa kunne a bonet kamar boka, ya ce tsufa ne. Duk cikinsu babu wanda ya sunkuya ya duba abin da fambel ɗin ke hawa.

Uwargidansa, mai ɗinki, ta taɓa ce masa, "Malam, ni fa in igiyar kekena ta cika tsinkewa, ba igiyar nake zargi ba. Wilin nake dubawa."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Ke da allura, ina ruwanki da inji?"

Ranar Talata, yana kai autarsa ganawar neman aikin da ta shekara biyu tana jira, fambel na bakwai ya ce "fat!" a tsakiyar gada. Hedimasta ya ce saura kaɗan, ya ƙara taka mai. Gwaggo ta yi zafi, ta yi tururi, ta ce "kaf-kaf", ta cika. Auta ta ƙarasa da ƙafa, takalma a hannu, ta tarar an rufe ƙofa. Har yau gaisuwa kawai ke haɗa ta da mahaifinta.

Da aka buɗe gawar, sai ga fuli guda, wilin da fambel ke zagayawa, a karkace, bakinsa kamar wuƙa. Gyaran rabin awa.

Ta rasu ta bar tayoyi huɗu masu sanƙo, da jak, da rediyon da ba ya kama tasha, da bakanikai uku cikin ƙoshin lafiya.

'Yan gwangwan za su ɗauki gawa ranar Asabar da hantsi. Hedimasta zai karɓi ta'aziyya a ƙofar gida, bisa kujerar bayan marigayiya. Ana roƙon jama'a kada su tambaye shi wanda ya fara gano cutar. Ana bayar da wannan amsa a cikin gida, safe da yamma, ko ba a tambaya ba.