Zomon da Inna Ta Ƙi Dafawa

Jama'a, yau da targaɗe a ƙafar hagu nake muku wannan rubutu. Kada wanda ya ce min sannu sai ya ji yadda aka yi, don wataƙila ya fasa.

Matata Tasalla ta sauka lafiya, an samu mace. Mahaifiyarta, Inna Maiturare, ta taso daga Ruwan Bago da ƙullin yaji da kanwa, ta zo yi mata wankan jego. Kun san abin da ke kan maigida a irin wannan lokaci: ƙauri. Ƙafafun sa, a dafa su luguf, mai jego ta sha romo ta ji ƙarfin jikinta. Na shiga kasuwar Karaye, na tsaya gaban mahauci, na nuna ƙafa. Da ya faɗi kuɗin sai na tambaye shi ko har da san yake nufi. Ya ce, "Ilu, matsa, kana tare min masu saye."

Abin da ke gabana ke nan: in shiga gida da nama, ko surukata ta koma Ruwan Bago ta ba da labarin irin mijin da 'yarta ke aure.

To, ana cikin haka ne masu girma, iyayen talakawa, Allah ya ƙara musu sanyin mota, suka tuno da mu. Ba taki suka kawo ba, ba maganin ɗakin haihuwa ba. Gangamin kare namun daji suka zo ƙaddamarwa. An kafa rumfa, an jera motoci har sun tare hanyar shanu. Wani Ranka-ya-daɗe mai wuya uku ya miƙe ya ce damina lokacin haihuwar zomaye ce, kada a kashe su, a bar su su yaɗu. Wani daga baya ya ce, "To me za mu ci?" Ya gyara babbar riga ya ce, "Ku ci kaza mana." Muka tafa. Ni har na fi kowa tafi, don an fara rabon hula mai hoton zomo, kuma na samu guda. Gaskiya mutanen nan akwai tausayi. Ban taɓa jin sun yi wa wata mai ciki a ƙauyenmu rumfa ba, amma zomanya ta samu.

Washegari na je wajen maƙwabcina Audu aron kare.

"Ba kai na gani kana tafi jiya ba?" in ji shi.

Na ce, "Hannu ne ya tafa, Audu, ciki bai ji jawabin ba."

"To cinya ɗaya ta mai kare ce, ka san ƙa'ida. Kuma don Allah cire hular nan, ko zomon ya ji kunyarka."

Ban cire ba, rana ake yi.

Ni da Audu da karensa muka ratsa gonakin gyaɗa ta wajen ƙauyen Yola. Rabona da farauta tun ina da gashi a ka. Zomo ya tashi a gabana, na wurga kere, sandar jifa ke nan, ta wuce shi ta sami tulun wata baiwar Allah da ke kai ruwa gona. Na bi shi da gudu, tumbi na gaba ina baya, ƙafata ta faɗa ramin gafiya. Ina kwance ina salati kare ya gama aikin. Audu ya yanka, ya cire cinyarsa tun a nan, wai kada mu je gida in canza magana.

Na shiga gida ina ɗingishi amma ina taƙama. Na cire takalmi, na durƙusa daga nesa na gaida Inna, na tura mata zomo a kan faifai. Kun san tsakanina da ita akwai kunya, ba ta yi min magana kai tsaye. Ta juya shi da yatsa biyu, ta danna cikinsa, sai ga nono fari ya tsatso.

Ta dubi ƙofar ɗaki ta ce, "Tasalla, tambayi mutumin nan, ina 'ya'yanta?"

Na ce wa ƙasa, "Inna, ban gansu ba."

"Tasalla, ce masa shayarwa take yi. Ya raba uwa da jarirai don ya ciyar da mai jariri. Ni ban iya wannan girkin ba."

Daga cikin ɗaki Tasalla ta ce, "Inna, ai yana jin ki."

"Ki faɗa masa dai. Ki kuma tambaye shi, ita mai ƙafa uku aka haife ta?"

Na so in kawo hujja. Na so in ce zomaye sun cinye min ganyen wake, in ce malamai ba su haramta ba, in ce wanda ya hana ni bai ba ni kazar ba. Duk gaskiya ne. Amma ku gwada faɗin gaskiya a durƙushe, da hula mai hoton wadda kuka kashe, a gaban tsohuwar da ta ƙi kallonku.

Ta tura ni in nemo 'ya'yan. Na koma da sanda ina dogarawa, na duba gindin kowace sabara, ban ga komai ba sai mai tulu tana jirana. Kafin in dawo, Inna ta aika Ruwan Bago an kawo zakaranta, ta sa an yanka. Ƙamshi ya cika gida, maƙwabta na shigowa barka, tana ce musu, "Zakarana ne. Maigidan ya yi ƙoƙari, ya kawo mana maraici."

Zomanyar kuwa, ni da Audu muka gasa ta a bayan gida kamar ɓarayi. Abin da ya fi ba ni haushi, ta yi daɗi. Ina tauna ina tuna abin nan fari da ya tsatso, ban kuma daina taunar ba. Audu ya ce, "Wannan shekarar ka ci guda, baɗi ka rasa biyar." Na ce ya rufe min baki, shi da ya ci cinya biyu.

Yanzu ina jin an ce masu girma za su sayo motoci da babura na sintiri, a kafa kwamiti, kwamitin ya haifi ƙaramin kwamiti, duk don a hana irina. Ranku ya daɗe, ku huta da wahala. Jawabinku bai hana ni farauta ko na kwana ɗaya ba. Ku ɗauki Inna Maiturare aiki, ku ajiye mata tabarma a bakin daji. Ba ta shan fetur, ba ta neman rumfa. Sai dai ku biya ta a kan kari, don in kuka yi mata irin abin da kuke mana, ba za ta yi muku magana ba. Tasalla za ta sa ta tambaye ku.