Fuskar Ubanku Ko Muryarsa

Sabi'u, Lantana, Ma'aruf, ku matso. Ma'aruf, kife wayar nan. Ban kira ku daga garuruwanku don ku ci tuwo ku tafi ba. Magana ce a kan kawunku Nomau, da tunkiyata mai ciki, da tsohuwar kwamfutar ubanku.

Kun san Nomau. Ƙanena ne ciki ɗaya, furfura ta fito masa, kuma tun rasuwar innarmu yake ɗakin ƙofar gidan nan, shi da kekensa da butarsa. Bai taɓa yi mini ƙarya ba, bai taɓa ƙin aike ba. Abin da ka faɗa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Kwamfutar kuwa ita ce wadda ubanku, marigayi Malam Tsalha, yake buga wa mutane takardu da ita a zaure. A cikinta mai ɗaukar hoto ya zuba bidiyon bikin Lantana, kuma nan kaɗai ubanku ya rage yana motsi a duniya. Sai dai in an kunna, hoton ya riƙa tafiya yana cijewa, murya kuwa sai kakari kamar an shaƙe akuya. Kada wanda ya ce mini a tura a waya. An gwada, ba ta da kafar da waya za ta shiga.

Wata rana na ce, "Nomau, je birni wurin Ila mai gyara, ka nuna masa duk abin da take yi, kada ka rage komai." Ya ce, "To, Yaya." Yana isa shagon ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya sandare, ya yi kakari, ya sauke, ya juya wuya kaɗan, ya sake sandarewa. Bidiyon kusan awa guda ne, shi kuma ya ƙudura sai ya kai ƙarshe. Mutane suka taru, wani ya ce iskoki ne, aka ɗauko malami ya hau tofi. Nomau ya ce, "Malam, dakata, ba a kawo amarya ba tukuna." Ila da ya gama share hawayen dariya ya ce ya gane ciwon. Akwai wani kati da ake soka mata a ciki, shi zai ɗauke mata nauyin bidiyo. An daina yin irinsa, guda ɗaya ya rage masa, kuma kuɗinsa ya kai na tunkiya.

Wata rana na zauna na yi tunani. Ni ban yi boko ba, amma ban taɓa sayen abin da ban ji labarinsa a bakin mai shi ba. Na ce, "Nomau, nemo wanda yake da irin kwamfutar nan, ka tambaye shi ko tana biyansa." Ya hau keke. Kwana uku ba Nomau, har na fara aikawa asibiti. Ran na huɗu ya shigo da tayar keke a kafaɗa, ya ce ya samu, a gidan wani tsohon akawu, ƙauye na tara daga nan.

Na ce, "Me ya ce?"

"Ya ce tana biyansa ƙwarai, Yaya. Ya cire kayan cikin, kazarsa tana ƙwai a ciki. Sau biyu tana ƙyanƙyasa."

"Katin fa?"

"Ba ki ce in tambayi kati ba."

Wata rana Ila ya aiko cewa kafin ya zo a ajiye ta inda ya fi ko'ina sanyi a gidan, don zafi na cin tsofaffin injuna. Kuskurena, a gaban Nomau aka faɗa. Na dawo daga gidan suna na tarar da shi a bakin rijiya, ya tokare ƙafa, yana sakin igiya a hankali. Na leƙa. Ga ubanku can yana lilo a cikin buhu, saura taƙi ɗaya ya taɓa ruwa. Ban yi ihu ba, don na san in na ce "Saki!" zai saki. Na ce, "Nomau, jawo igiyar nan sama, sannu sannu, har buhun ya zo hannuna." Sai da na rungume buhun sannan na zage Nomau tas.

Wata rana, jiya Talata ke nan, Ila ya zo da katin. Muka yi da shi ya tafi da tunkiya, in kati ya yi mini ta zama tasa, in bai yi ba a mayar masa kafin Juma'a. Ya soka, ya ɗaure, aka ta da janareto. Wallahi abin ya yi kyau. Masu kiɗa na kiɗa, mata na guɗa, komai sumul. Sai ga ubanku ya ratso da tabarma a kafaɗa, ya waiwayo ya ce, "Gambo, shinkafar nan za ta isa kuwa?" Shekara shida ban ji an kira sunana haka ba. Amma kafin in share ido ya wuce. Ashe duk tsayuwarsa a bidiyon ba ta fi ƙiftawa uku ba. Ila ya nuna mini maɓallin da ake tsayar da shi. Na ce wannan ai hoto ne, ina da irinsa a katin zaɓensa. Ila ya ja tunkiya ya tafi. Raina ya ɓaci, na ce, "Ni dai a mayar mini da komai yadda yake!" Na shige ɗaki na rufo ƙofa.

Da la'asar na ji kukan tunkiya a tsakar gida. Nomau ya kwance injin da wuƙar yankan kuɓewa, ya zare katin, ya kai wa Ila har birni, ya jawo tunkiyata. Har tsumman da nake rufe kwamfutar da shi ya mayar, da karkacewarsa. Na ɗauko muciya. Ya ce, "Yaya, ban gama ba, da ai a kunne take." Ya kunna.

Ga ubanku ya fito, yana cijewa kamar da. Sai yanzu na lura. Kafaɗa ta fara juyowa, ta tsaya. Sai kunne. Sai wannan tabon na gefen girarsa. Sai idon ya iso kaina ya zauna, ya daɗe, kamar ba shi da wurin zuwa. Na ajiye muciyar. Nomau ya ce, "Kin ga da katin sauri yake yi. Yanzu ya fi zama."

To ga inda na tsaya, kuma ni da ba na ruɗewa na ruɗe. Da kati ina jin sunana a bakinsa, amma ba ya tsayawa, kuma tunkiya ta tafi da cikinta. Ba kati yana kallona har in ƙoshi, amma bakinsa na motsi sai kakari. Ila ya ce wani mai tara tsofaffin injuna zai zo ɗaukar katin ran Juma'a bayan masallaci, yau kuma Laraba. Ubanku ne ku ma. Ku yanke, in saya ko in bari. Amma duk wanda zai faɗi ra'ayinsa ya rage murya, ga kawunku can a bakin ƙofa riƙe da igiyar tunkiya, yana jira ya ji abin da aka ce.