Rasuwar Jirgin Japan na Gidan Malam Tijjani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, zuciyar Malam nake nufi, don tawa lafiya lau take, ni Ramlatu, mai ɗakin Malam Tijjani mai ga-ruwa na unguwar Mansur a nan Makka, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar jirgin saman Japan da ya shekara bakwai a tsakar gidanmu. Ya cika ranar Talata bayan la'asar, a tsakiyar lungunmu, a gaban shaidu.

Marigayin baƙo ne. Wani alhaji mutumin tsibirin Jawa ya zo da shi bayan an gama babban yaƙin duniya. Malam ya yi wa alhajin jigilar ruwa har aka sauko daga Arfa, da zai koma gida ya yi wa Malam kyautar bankwana. Wasu yadi ake ba su, wasu turare, mu jirgi aka ba mu. Tsawonsa kamu ɗaya, da jan ɗigo a kowane fiffike. Wai alhajin da hannunsa ya ƙera shi daga ɓallin fiffiken na gaskiyar, wanda ya faɗo a gaɓar tekun garinsu. Na ce wai, don Larabcin Malam da na alhajin ko an haɗa su ba za su sayo albasa a kasuwa ba. Aikin na gaskiyar, in ji su, ya tashi daga kan teku, ya leƙo jiragen ruwan abokan gaba, ya koma ya faɗa wa iyayen gidansa. A garinmu tsegumi ake kiran wannan. Da yake na Japan ne, Malam ya ce leƙen asiri.

Za a yi masa shaidar haƙuri. Jirgin sama ne, amma bai taɓa ɗagawa ko taƙi ɗaya ba. Jirgin teku ne, amma ko hanyar Jidda bai sani ba. Ƙafafu ma ba shi da su, sai wasu kwale-kwale biyu a ƙarƙashinsa, shi ya sa Malam ya yanke hukuncin ba ya zama a tudu. Aka duba gidan nan kaf ba a ga teku ba sai darona. Daron da uwata ta ɗauko a ka tun daga Kano, ta ratsa Sudan da shi, ta bar mini don in riƙa wankin alhazai in ci abinci.

Jama'a, kun san ruwa a Makka. Kullum safiya Malam zai hawo dutse daga bazan, inda ake ɗiba, garwa biyu a kafaɗa, ta farko marigayin ake juye wa. Ruwan daron kuma ba ya moruwa, don man da ake ɗiga masa yana tasowa, ya ɓata farin harami. Ni kuwa shekara bakwai ina cuɗa jallabiyar ƙattai a 'yar tasar da ko kwaɓin fanke ta yi wa kaɗan.

Ba za mu manta muryarsa ba. A murɗa makullin bayansa, ya ce kirrr, kirrr, ya zaga sau uku, ya doki bakin daro, tak. Malam ya gyara zama ya ce an dawo daga sintiri. Na sha tambayar me ya gano, har ya bar duniya ba a ba ni labari ba.

Ciwonsa ya faro da tsatsa a kwale-kwalen hagu. Ranar Talata aka yi ruwan nan mai ƙarfi, ya gangaro daga duwatsu ya cika lungu. Malam ya ce yau teku ta zo masa har ƙofar gida. Ya kira Tsoho mai shayi da Sabo mai jaki su shaida, ya murɗa, ya ɗora shi a kan ruwan. Marigayin ya ce kirrr sau ɗaya, ya karkata, ya ce bul. Ruwan ko idon sawu bai rufe ba. Ana lalube a cikin laka jakin Sabo ya gano shi da kofato.

Ya bar makulli ɗaya, da rabin kwalbar mai, da Malam, wanda tun ranar ba ya gama tuwonsa. Wannan kam ya taɓa ni, ina lallashinsa.

Za a kai shi gobe Alhamis da hantsi, bayan katangar gida. Babu salla, gwangwani ne. Malam ya nemi a binne shi a cikin daron, wai ɗakinsa ne, na ce sai dai a haɗa da ni. An daidaita a kan tsohuwar garwa. Abdulganiyyu mai walda, na ji ka ce yana gyaruwa. Allah ya saka, ka zo gaisuwa, amma ka bar kayan aikinka a shago.

Mazan za su zauna wurin Tsoho. Mata su shigo ciki, za su same ni a bakin daro, na riga na jiƙa wanki.