Tafiyar Keken Janar Jadawali

"Ni ban ce kada ka tafi ba, tsoho. Cewa na yi ka tafi!"

"Nélida, ba a tashi tafiyar kilomita ɗari huɗu da tsawa. Da tsari ake tashi."

"Shekara uku kana tsari a kan teburin cin abincina!"

Evaristo Luna ya ajiye ƙoƙon shayinsa na mate a hankali, don kada wata kalma ta wuce shi. Bangon da ya raba kicin ɗinsa da na maƙwabtansa bulo ɗaya ne, tun da kamfanin jirgin ƙasa ya gina wa ma'aikata gidajen, kuma kamfanin bai taɓa tunanin ma'aikaci yana da sirri ba.

Duk garin babu wanda ya isa ya raina maƙwabcin nasa, Don Anselmo Iturralde, mijin Nélida. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana mataimakin shugaban tasha, bai taɓa barin jirgi ya tashi ba da izininsa ba, shi kuma bai taɓa shiga ko ɗaya ba, saboda babban mutum ba ya barin dandamali. Da aka cire ƙarafan layin aka mayar da shi hanyar masu keke, sai ya kafa Ƙungiyar Mahaya Tsohon Layi, ya tsaya takarar shugabanci shi kaɗai, ya yi nasara. 'Yan unguwa suka raɗa masa Janar Jadawali. Ya ji, ya ɗauka girmamawa ce, ya fara amsawa.

Mutum tara ƙungiyar ta fara da su. Biyu sun rasu, huɗu sun gaji, ɗaya ya koma kamun kifi. Saura Janar da Evaristo.

Shi Evaristo ba don son taro yake zuwa ba. Likita ya sa masa ranar aikin gwiwa a watan Mayu, ya kuma gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa bayan nan ya manta da keke. A ƙarshen layin nan kuwa akwai Tres Molles, inda aka haife shi a gidan leburorin gyaran dogo, kuma so yake ya shiga garin da ƙafarsa a kan feda sau ɗaya kafin a yanka ta. Afrilu ya riga ya kama. Likita kuma ya hana shi tafiya shi kaɗai, sai da abokin hanya.

Ran Alhamis ya je taro a gidan Janar. Kekunan gidan biyu suna jingine a zaure, na Nélida duk ƙura saboda zuwa kasuwa, na Janar yana walƙiya, gashin robar tayarsa ko ɗaya bai karye ba. A kan tebur ga taswira, ga fayil mai shafi casa'in, ga jadawalin jirage na shekarar 1961.

"Ya ku mambobi," in ji Janar, yana kallon Evaristo da kujeru bakwai. "An kammala shirin ruwa. Kowace tasha tana da tankinta. Shafi na goma sha biyu."

"Don Anselmo, tankin tashar Paso Hondo tattabaru ne a ciki tun kafin 'yata ta yi aure. Lita huɗu kowa zai ɗauka, mu ƙara a gidajen gona."

"Jadawali ya ce akwai tanki."

"Jadawalin ya ce akwai jirgin ƙarfe shida ma."

Janar ya rubuta wannan a matsayin ƙorafi, ya miƙa wa kwamitin ruwa, wato kansa.

Evaristo ya yi shekara ashirin yana taka layin nan da guduma a kafaɗa. Ya san inda ƙaya take, shi ya sa yake son tib na cikin taya uku-uku da faci da famfo biyu. Ya san gadar da katakonta ya ruɓe, sai an sauka an tura. Ya san ƙofofin makiyaya, wanda duk ya buɗe ya rufe, da gidan da karnukansa ba su san wasa ba. Kilomita hamsin a yini, kwana takwas, a tashi da safe kafin iska ta farka. Duk shirin bai cika bayan ambulan ɗin wasiƙar da ya rubuta shi ya miƙa wa Janar ba.

"Wannan ra'ayin lebura ne," in ji Janar cikin tausayi. "Mai kyau, amma na lebura. Ka yi la'akari da iskar kudu? Afrilu iska. Mayu sanyi. Damina taɓo, bazara zafi. Shugaba nagari ba ya jefa rayukan jama'arsa cikin wata da bai bincika ba. Na ɗage tashi zuwa Oktoba."

"A Oktoba da sanda zan riƙa tafiya, Don Anselmo."

"Za a kafa kwamiti a kan haka."

A lokacin ne Evaristo ya lura da fuskar Janar. Babu ko ɗigon baƙin ciki a cikinta. Fuskar mutum ce da aka ce masa an fasa yi masa allura. Muddin ba a tashi ba, shi ne shugaba. Ranar da aka tashi, tsoho ne mai tumbi a kan sirdi, a bayan lebura.

Nélida ta zo ɗaukar buta, ta tsaya tana kallon ambulan ɗin. "Maƙwabci, kwana takwas ka ce? Kuma ba a taro a hanya?"

"Ba a taro, Doña Nélida. Haki ba ya bari."

Ta ɗauki ambulan ɗin ta sa a aljihun rigarta.

Ran Asabar da hantsi unguwa ta fito kallo. Evaristo ya ɗaure bargo da tib a bayan kekensa. Nélida ta ɗaure jarkar ruwa, da burodi, da cuku, da famfon Janar wanda ba a taɓa ciro shi daga leda ba. Janar ya fito da silifas, fayil a hammata.

"Wannan tawaye ne! Ba a sa shi a ajanda ba. Nélida, ba ki ma da katin mamba!"

"Akwai taliya a kabad, tsoho."

Suka hau. Gwiwar Evaristo ta yi ƙara sau ɗaya ta yi shiru. Suka bi gefen tsohuwar tasha, suka hau tsakuwar layin, ba wanda ya waiwayo.

Janar ya tsaya a bakin ƙofa har suka ƙanƙance. Sai ya ga idon unguwa duk a kansa, har da Doña Pura mai gidan burodi. Ya gyara fayil, ya ɗaga haɓa.

"Ma'aikatana ne," in ji shi. "Na tura su gaba su duba mini hanya." Ya yi gyaran murya, ya rage sauti. "Doña Pura, shi ƙwai, minti nawa ake dafa shi?"